Da Ƙafar Ƙaramin Yaro Ake Auna Zango

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in sa baki a wata magana. Daga Gadarif nake aiko da wannan wasiƙa, a gabashin Sudan. Ni da Larabci da ajami na saba, saboda haka ɗan maƙwabcina ne ke rubuta min da boko, ina faɗa yana sawa. Shi ne kuma ya karanta min a wayarsa labarin da kuka kawo na waɗansu iyalan Turawa da ke barin gida su kwashi 'ya'yansu su shiga duniya, wata biyu a wannan gari, wata uku a wancan, uba na aikinsa ta kwamfuta, uwa na koya wa yara karatu. Bayan nan ya karanto min martanin wani bawan Allah da ya ce wannan lalata yara ne, kuma ba a san Bahaushe da irin wannan yawo ba. Maganar lalata yara akwai inda na yarda da shi, zan zo kanta. Amma cewa ba a san mu da tafiya da iyali ba, ita ce ta sa na ajiye ɗinki na ce yaron nan ya zauna ya ɗauki alƙalami. Mu Hausawan da ke Sinnar da Madani da Gadarif da Kassala da Fot Sudan, kusan kowane gida ka shiga, in ka tona asalinsa, wata uwa za ka tarar da ta tako daga ƙasar Hausa zuwa nan da goyo a bayanta.

Kakana baduku ne, mutumin wani ƙauye a ƙasar Haɗeja. Shekarar da yaƙin Hitila ya ƙare, 1945, bayan amfanin gona ya shigo gida, ya sayar da tumakinsa, ya bar wa ƙanensa gona, ya ɗora mangala a kan jakuna biyu, ya ce wa kakata gabas za su. Da 'ya'ya uku suka fito: gwaggona mai shekara goma sha ɗaya, mahaifina mai shekara biyar, sai 'yar goye. Ayari ne na gida bakwai ko takwas, da madugu wanda ya taɓa zuwa ya dawo. Sai da suka shekara bakwai kafin idonsu ya ga Ka'aba.

Mai lafiya da guzuri a aljihu ba zai shekara guda a wannan hanya ba. Su hannunsu ne guzurinsu. Duk inda kuɗi ya ƙare sai a yada zango, a nemi aiki, a tara na gaba. Da damina kuwa ba a tafiya, hanya ta zama taɓo, kuma lokacin ne ake neman hannu a gona. Amma ba rashin kuɗi kaɗai ya ja tafiyar ba. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ta rayu har na yi wayo, kuma sau da yawa na ji ta tana cewa ba a auna zango da ƙafar madugu, da ƙafar ƙaramin yaro ake auna shi. Dokar da suka bi ce take faɗa. Ana sallame asuba a ɗaura kaya, kafin rana ta take an sauka a inuwa. In yaro ya fara ɗingishi a ɗora shi kan jaki, a sauke wani kayan a raba wa manya. In zazzaɓi ya kama shi, gidansu ya tsaya cak, ayari ya wuce, su jira na baya ko da wata biyu ne. Ta ce sau uku ayari yana barin su, kuma ba ta taɓa yarda kakana ya ce a lallaɓa a kai gari na gaba ba.

A Yerwa suka yi daminar farko, a gonar wani Babarbare. Daga nan Dikwa, Kusuri, suka haye ruwa a kwale-kwale zuwa Fot Lami, wadda yanzu ake kira Njamena. A Abashe suka fi daɗewa, shekara guda da 'yan watanni, domin gari ne na kasuwa da dawaki da raƙuma, baduku ba ya rasa aiki: kayan doki, kube, takalma, ɗinkin laya. Kakata tana kitso, tana kaɗi, tana dama fura ta kai bakin kasuwa. Suka shigo Sudan ta Adare da Junaina, suka bi ta Fashir zuwa Nuhud. Mahaifina har ya tsufa bai daina ba da labarin kukokin Kurdufan ba. A can ana rarake cikin kuka a tara ruwan damina, kowace kuka da masu ita, in rani ya yi a hau sama a zura guga kamar rijiya. Yaron da bai san kuka da komai ba sai miya, ranar ya ga an jawo ruwa daga cikin itace an cika musu salka, kakana ya biya da gyaran takalma. A Nuhud suka yi cirar gyaɗa, da rani suka yi ɗiban ƙaro. A Ubayyid suka fara shiga jirgin ƙasa, ya kai su Kosti, ya haye da su Farin Nilu. Sai Jazira, inda madatsar ruwa ta Sinnar da aka gama a 1925 ta mai da fili gonar auduga iya ganinka. Shekara biyu suka yi suna cirar auduga kafin kuɗin jirgin ruwa ya cika, sannan suka nufi Sawakin, aka yi musu allura, aka tsare su kwanaki, suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda.

Wanda ya ce hanya tana cin yara bai yi ƙarya ba, kuma ba zan ɓoye wannan don in ci gardama ba. 'Yar goyen nan ba ta ga Sudan ba. Ƙyanda ta kama ta tsakanin Fot Lami da Ati. Sun tsaya kamar yadda suka saba, amma babu asibiti babu magani, kwana tara ta cika. Gindin wata aduwa aka binne ta, kakana ya jera duwatsu a kai. Kakata ta ce da suka tashi ta yi ta waiwaye har aduwar ta ɓace mata, kuma har ta koma ga Allah ba ta ƙara sa aduwa a bakinta ba. Gwaggona kuwa a Nuhud aka aurar da ita tana da shekara goma sha biyar, ga wani Bakatsine da ya zauna can, don an ga ta girma kuma ana tsoron hanya da budurwa. Ba ta je Makka ba sai da ta tsufa, kuma sau biyu kacal uwarta ta sake ganinta. Su kuma da suka sauke farali niyyarsu su koma gida. Suka dawo Jazira don tara kuɗin komawa, aka haifi wannan, aka haifi wancan, kakana ya rasu yana cewa baɗi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

To, yaron da ya rayu fa, me hanya ta yi masa? Mahaifina ya bar gida yana ƙananan surori, allonsa a rataye jikin mangala. Malamai tara ya ƙirga min da ya zauna gabansu kafin Jidda, akwai Bahaushe, akwai Babarbare, akwai Bafulatani, akwai mutanen Wadai da na Darfur. Babu wanda ya tambaye shi takarda. Tambayar ɗaya ce: ina ka tsaya? Ya faɗa, a ce ya biya, in ya biya daidai a ce ya wanke, a rubuta masa na gaba. Abin da muke kira makarantar allo, a nan halwa ake ce mata, amma allon ɗaya ne, tawadar ɗaya ce, wutar da ake hurawa a yi karatun dare ma ɗaya ce. Har Darfur Warshu suke karantawa irin na gida. Sai da suka shigo tsakiyar Sudan ya tarar da ƙira'ar Duri, ya sha gyara har kunnensa ya saba. Ya shiga Makka yana ɗan shekara goma sha biyu da izu arba'in a kansa, yana jin Hausa da Barbarci da Larabci iri biyu, ya iya yankan fata ya iya ɗinkinta. Ni ban ga lalacewa a nan ba. Gari ne ke canzawa, amma ko'ina aka sauka uwarsa ce ke tuƙa tuwo, ubansa na gefe da basilla yana ba shi riƙon fata, da asuba kuma allo na jiransa.

Akwai kuma wanda masu ba da labarin tafiya kan manta da shi, wato mai masauki. Hanyar nan an taka ta tun kafin kakana. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, yana nan har gobe. Su da alhazan da suka riga su, da waɗanda suka biyo baya, sun bar unguwa a kusan kowane gari na hanya. Mutanen ƙasar nan suna haɗa mu duka su ce Fallata ko Takarir. In ayari ya iso, unguwar za a tambaya, shugabanta ya raba baƙi gida-gida, a kawo ruwa, a kawo tuwo, a yi musu ban gajiya. Washegari a nuna wa namiji inda ake neman ma'aikata, yara kuma a kora su wurin malam tare da yaran gida. Ba don wannan ba, da babu uwar da za ta iya kai ɗan shekara biyar daga Haɗeja zuwa Jidda.

Ni a kambo aka haife ni, wato bukkokin ma'aikata da ke gefen gonakin Jazira. Ɗinkin tufafi na koya. Da na yi aure na lura kuɗin talaka yana da lokaci kuma yana da wuri: a Gadarif bayan yankan riɗi da dawa, a Jazira lokacin cirar auduga, a Kassala in masu lambu sun sayar da albasa da ayaba. Ranar da aka biya ma'aikaci, ranar yake tuna matarsa ba ta da zane, ɗansa ba shi da riga. Sai na riƙa bin kuɗin. Abokaina suna barin iyali su tafi cin rani su kaɗai, ni kuwa na ga abin da hakan ke yi, uba ya dawo ɗansa ya ɓuya a bayan uwa. Na ce wa maiɗakina mu tafi tare. Ta yarda, bisa sharaɗin ba za mu tashi daga wuri ba sai mun yi aƙalla wata uku. Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Kayanmu duka a bayan akori-kura ɗaya, wadda a nan ake ce wa lori: keken ɗinki an raba kai da ƙafa, gadon igiya biyu da ake kira angareb, tukwane, da faifan ƙarfen da take gasa kisra a kai, wato siririyar wainar dawa ta mutanen Sudan. Ina ɗinki a rumfa, tana sayar da godogodo, wani irin fura da nono, da yamma ƙanenta da ke bin mu ya hura wutar agashe, wato tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan har sunan ya zauna a bakinsu. 'Ya'yana uku na farko kowanne da garin da aka yanke masa cibiya. Sun san duwatsun Taka na Kassala, sun ga kogin Gash ya kawo ruwa bayan ya shafe watanni yana rairayi, sun san baƙar ƙasar Gadarif mai kama takalmi da damina. Kuma ban taɓa kwana ban san abin da suka ci ba.

Boko ne ya tsayar da ni. Babbar 'yata tana da kai, tun tana ƙarama take haɗa rubutun jikin buhu. Na kai ta makarantar gwamnati a gari uku, ko'ina magana ɗaya: ina takardar haihuwa, ina takardar makarantar da ta baro, shekara ta yi nisa, a dawo baɗi. Ba na ganin laifin malaman. Don mazaunin wuri ɗaya aka tsara abin, babu mai tambayar ina ka tsaya. A Nijeriya an kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya tun 1989, a nan ma a lokacin akwai malaman da ke bin masu raƙuma da shanu a Kurdufan da Darfur suna koyar da azuzuwan farko a gindin itace. Amma ɗan tela da ɗan mai cirar auduga ba a lissafa su cikin makiyaya, ba a kuma lissafa su cikin 'yan gari. Wata rana a Kassala na tarar da ita tsaye jikin katangar makaranta, tana bin karatun da ake yi a ciki da bakinta. Shekararta tara. A daren nan na kwana ina juya maganar kakata, na gane in ƙafar yaro ce ma'auni, to ran da ta ce a tsaya dole a tsaya, ko ba gajiya ta yi ba. Muka kama haya a Madani muka zauna. Ta ci jarrabawar aji takwas, ta wuce sakandare, ta zama ma'aikaciyar jinya. A nan na yarda da mai martanin nan ɗari bisa ɗari: uban da ya ci gaba da yawo don shi yake jin daɗinsa, alhali ɗansa na leƙen tagar makaranta, ya ci amana.

Shekara ashirin da biyu muka yi a Madani. Yaƙi ya tashi a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023, muka sauke 'yan gudun hijira a gidanmu, ba mu san namu na tafe ba. A Disamba ya iso mu. Muka fita, ni da maiɗakina da samarina biyu da babbar 'yar nan da 'ya'yanta uku, mijinta yana aiki a Jidda. Na cire kan keke na naɗe a bargo tare da basillar kakana na saɓa, iyakar abin da na ɗauka ke nan. Muka yi kudu wajen Sinnar, rabi a ƙafa rabi a bayan duk motar da ta tsaya mana, daga nan Sinja, Dindir, har Gadarif. Wannan ma tafiya ce da yara, Malam Edita, wani yankinta ma a kan sawun kakana yake, amma ba a haɗa su. Babu zancen asuba, babu zancen inuwa. Jikata 'yar shekara huɗu ta ce ƙafarta, na ce ta yi haƙuri. Ta sake faɗa, na daka mata tsawa, na ja hannunta. Ni da aka rena da dokar kakata, ni na karya ta, kuma ko yau aka mai da ni wurin ban ga yadda zan yi ba, don ƙarar bindiga na bayanmu. Da muka iso ƙafafunta duk sun yi bororo. Ta yi kusan wata ba ta magana, ta fi wata shida ba ta yarda a cire mata takalmi in za ta kwanta. Uwarta ta cire in barci ya ɗauke ta, ta farka ta lalubo ta mayar.

A Gadarif a rufe muka tarar da makarantun gwamnati, azuzuwan cike da iyalai irinmu. Wanda ya sauke mu ɗan wani tsoho ne da na ɗinka wa kayan salla fiye da shekara ashirin da suka wuce. Ya gane ni a tasha, ya karɓi kan keken daga kafaɗata, ya ce, Baba, mu je gida, ya shige gaba. Kwana uku da saukarmu malamin unguwa ya aiko a kawo yaran. Ina tsaye na ji ya dubi babban jikana ya ce, ina ka tsaya? Sai na juya na fita, kada yara su ga idona.

Saboda haka in an ce min Turawa na tafiyar sannu da iyali, ba na yi musu dariya, ba na kuma ƙyashinsu. Suna da fasfon da ke buɗe musu iyaka, suna da kuɗin asibiti, ran da suka gaji kuma akwai gidan komawa. Kakata ba ta da ko ɗaya. Yau Bahaushe ba zai kora jaki daga Haɗeja zuwa Sawakin ba, biza da shingaye da yaƙi sun rufe hanyar, alhaji kuma cikin 'yan awoyi ya sauka Jidda. Amma matafiya da yara ba su ƙare a cikinmu ba. Ga masu cin rani, ga masunta da ke bin ruwa, ga fatake na zamani, ga kuma waɗanda rikici ya kora, nan da can gida. Su nake so ɗan'uwana mai martani ya duba kafin ya yanke hukunci. In ya ga iyali sun sauka a bakin unguwarsu da tabarmi da tukwane, kada ya fara da tambayar me ya raba su da gida. Ya fara tambaya ko yaran sun ci, sannan ya nuna musu ƙofar malam, kamar yadda aka yi wa mahaifina gari bayan gari.

Ina da roƙo, Malam Edita. Waɗanda suka taka hanyar nan da ƙafarsu suna yara sun kusa ƙarewa. A unguwar da nake yanzu tsofaffi mata biyu suka rage, ɗaya ma ta fara mantuwa, yaƙin nan kuma ya warwatsa sauran. In jaridarku na da mai sha'awa, ko ta waya ce, yaron nan zai haɗa ku da su, su lissafa muku zangunan da bakinsu, da sunayen rijiyoyi, da waƙoƙin da ake rera wa yaro in ya gaji. Sannan in akwai mai karatu a ƙasar Haɗeja da ya taɓa jin tsofaffin gidansu na zancen wani baduku da ya yi gabas da jakuna biyu da 'ya'ya uku bayan yaƙin Hitila bai dawo ba, don Allah ya sanar da ku. Basillarsa tana wurina. Jikar tawa kuwa yanzu da kanta take cire takalmi in za ta kwanta, da rana ita ke zama gefen keke tana miƙo min zare.

Wassalam.

Naka,
Wani tela,
Gadarif, Sudan.